Sandar Kawu Clarrie

Bakin Kogin Archer
Ta hannun gandun shanu na Tolliver
28 ga Nuwamba, 1979

Noeline,

Ga gaisuwa daga abin da sauro ya rage na ɗan gwaggonki Merv. Da fatan kina lafiya, ke da mijinki Col, da majinyatan da kike juyawa a asibiti. Ni ƙalau nake in ban da ƙuraje. Mahaifinki kuwa ya fi ni lafiya nesa ba kusa ba. Yana shan ƙwayoyinsa a kan kari, yana cin abinci kamar mai ramuwa, tun da muka baro Mareeba kuma ban ji tarin nan nasa ba.

Mun ƙetare lafiya, ki kwantar da hankalinki.

Bari ki ji ɗawainiyar da kika ɗora mini ranar da kika ce, "Kai shi ya ga kabarin Mama mana, 'yan kwanaki ne kawai, sai ya shiga gidan tsofaffin nan hankalinsa kwance." Da muka iso mashigi na tuɓe takalmi zan auna zurfin ruwan da ƙafa. Kawu Clarrie ya ce, "Ina zuwa?" Na ce zan taka in gani. Ya ce, "Taka mana. Amma bar mini makullin mota da agogonka, don mai gidan da ke ciki ba ya mayar da kaya." Ya nuna mini sawun jan cikin kada a kan laka, faɗinsa ya kai ƙofar shago. Na mayar da takalmina.

Muka sha shayi har inji ya huce. Muka cire fambel, muka ɗaure tamfal a hancin Landiroba, na saka ta a giyar da ƙafafu huɗu ke ja tare. Kawu ya ce kada in tsaya, kada in taɓa kuloci, kada kuma in kalli ruwan da ke wucewa, in sa wa itacen da ke can gaɓa ido. Ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa ya gaishe da idon sawuna, kwalin biskit ya yi iyo ya wuce ta gabana, amma muka fita.

Mun je kabarin mamanki, Anti Dulcie, a bayan gandun. Kawu ya tuge ciyawar da hannunsa, ya zauna yana yi mata hira ƙasa-ƙasa. Na ja gefe na ba su wuri.

To, da muka juyo gida sai muka tarar hadari ya riga mu. Kogin ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa har da saiwarsu. Yanzu haka muna gaɓar arewa, mun kafa tanti a kan tudu, muna jira. Kawu ya sari sanda ya kafa daidai inda ruwan ya tsaya. Ya ce in ruwa ya ja baya ya bar sandar da taku uku, mu shiga. In bai ja ba, ko gwamna ne sai ya zauna. Ya kuma hana ni ɗebo ruwa a wuri ɗaya sau biyu, wai kada na haddace mutum yadda nake haddace masu ciniki. Shi kaɗai ke sauka wajen sandar, ni daga saman gaɓa nake leƙe.

Na san Sistar gidan tsofaffin ta ce ɗakin zai jira shi zuwa ashirin ga Disamba, ranar na wucewa ta ba wani. Da sauran lokaci a gaba. Irin wannan ruwan na farkon damina ba ya daɗewa.

Jirgin wasiƙu na sauka a gandun duk Alhamis, Misis Tolliver za ta miƙa masa wannan. Ban yi ta rediyon oba-oba ba, kin san duk matan gandayen nan har zuwa Weipa kunnensu na kai. Ki leƙa wa Stavros, maƙwabcina a kasuwa, ki ce ya sayar da mangwarona kafin su zama kunu.

Naki,
Merv


Cairns
3 ga Disamba

Merv,

Saƙonka ya iso. Muna lafiya, Col na gaishe ka, ƙafafuna ne dai ke kumburi saboda tsayuwa. Na ji daɗi Baba na cin abinci.

Yanzu ka faɗa mini da baƙi da fari: a wane gefe kuke? Wasiƙarka a bakin ƙofa ta same ni zan fita aiki. Na ga "mun ƙetare lafiya", na cusa ta a jaka. Daga asibiti na buga wa Sista waya na ce kuna hanya. Ta sa aka wanke ɗakin, aka ɗinka sunan Baba a jikin tawul-tawul. Na gasa cinyar rago. Sai da ragon ya sandare Col ya ce, "Wai kin ƙarasa karanta takardar nan kuwa?" Wa ke fara wasiƙa da ƙetarewar da ba ita ake jira ba? Ko da yake halinka ne, a kasuwa ma na kirki a sama, ruɓaɓɓe a ƙasan kwali.

Kada ka yi mini wasa da ɗakin nan. Fiye da shekara ina sintiri a kansa. Akwai wata tsohuwa daga Innisfail da ke biye da Baba a layi, 'ya'yanta kullum suna ƙofar Sista. Kai ma ka ga butar da ya bari a wuta har gindinta ya narke. Ka san ya faɗi a banɗaki ya kwana a ƙasa sai da mai kawo madara ya ji nishinsa. Ba don na gaji da shi nake wannan ba.

In kogi ya ƙi, ka ɗora shi a jirgin wasiƙu. Kai ka zauna ka jira da motarka.

Stavros ya ce mangwaronka ba su da auki bana. Na ga dai ya yi sabuwar hula.

Noeline


Bakin Kogin Archer
5 ga Disamba

Noeline,

Ban ga taki ba tukuna, sai jirgin gobe. Da fatan kowa lafiya. Kawu ya yi ƙiba, kin ji na rantse. Jiya ya kama kifi baramandi ya gasa, ya yi mana burodi a cikin toka, ya shafe shi da madi ya cinye rabi shi kaɗai.

Ni kuwa kaina ya ɗaure. Tun ranar Juma'a ko ɗigo bai sauka ba. Rana kamar ta fasa dutse. In na kalli kogin da idona sai in ga kamar ya rage, ƙararsa ma ta yi ƙasa. Amma kullum da safe in na leƙa, ga sandar nan daram a bakin ruwa, yana lasar gindinta. Bai ja ba ko da faɗin hannu.

Na ce, "Kawu, anya? Wancan dutsen da na gani yau, shekaranjiya babu shi."

Ya ce, "Ruwa ne ya kawo shi."

Na ce, "Dutse kamar ɗaki?"

Ya ce, "Kai mangwaro ka sani. Can kan tsaunuka ake tafka ruwan, mu nan sai dai mu karɓi saƙo."

Wani abin kuma, tafiyar zuwa ɗebo ruwa sai ƙara nisa take. Da can in na sauka gaɓa, kafin in gama fito ɗaya na iso. Yanzu sai na huta a hanya. Na gaya wa Kawu, ya ce ƙafafuna ne ke gajarta saboda zaman banza. Da yake kullum sabon wuri nake sauka, ba ni da abin da zan gwada da shi. Shekara ashirin ina kasuwa ba wanda ya taɓa cuta ta a sikeli, yau ga kogi na neman mayar da ni yaro. Ban sani ba ko idona ne, ko zafin rana ne ya fara taɓa ni.

Ƙari, ranar Alhamis, a kan bonet ɗin mota: jirgi ya sauka, na karanta taki a tsaye, matuƙin na shan shayi. A gaɓar arewa muke, ai na rubuta, laifin ragonki ba nawa ba ne. Zancen jirgi kuwa na yi wa Kawu. Ya dubi jirgin sama da ƙasa ya ce, "Na hau doki, na hau raƙumi, na taɓa hawan bijimi a kan caca. Gwangwanin kifi mai fiffike dai sai in gawata za a saka." Ba zan iya ɗaure dattijo in jefa cikin buhun wasiƙu ba. Ki ƙara haƙuri, sandar za ta yi magana.

Merv


Cairns
10 ga Disamba

Merv,

Lafiya muke. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, zan shiga aikin rana.

Sau biyu na karanta wasiƙarka, wannan karon har ƙasa. Col ya buga wa mai shago a Coen waya, ya ce duk kogunan yankin sun faɗi, har wata babbar mota ta wuce kudu.

Ba idonka ba ne, ba rana ba ce, ƙafafunka ma suna nan yadda Gwaggo ta haife su. Baba ne ke matsar da sandar. Kullum ruwa ya ja, sai ya cire ta ya bi shi ya sake kafawa. Shi ya sa ya hana ka sauka wajen. Zancen kada gaskiya ne, amma ya yi masa rana. So yake ashirin ga wata ta wuce yana wancan gefen.

Kada ka tambaye ni yadda na sani. Kai da kake cika baki ba a cutar ka a sikeli, ga tsoho mai shekara saba'in da takwas ya sa maka yatsa a faranti kana kallo.

Wannan za ta same ka ranar Alhamis. Ka naɗe tanti, ka saka shi a mota, ku ƙetare ranar Juma'a. Za ku iso da sauran kwana a hannu. In babbar damina ta sauko ta same ku a can, sai Afrilu, ka sani.

Noeline


Bakin Kogin Archer
12 ga Disamba

Noeline,

Ina gaisuwa. Ban san me ke cikin jirgin gobe ba, amma na san akwai zagi, na karɓa tun yanzu. Kawu lafiya. Har waƙa ya fara da safe, abin da ban taɓa ji ba.

Al'amarin kogin nan ya wuce sanina. Shekaranjiya da idona na ga saniya ta shiga daga wannan gaɓa ta fita a waccan, ruwan bai taɓa cikinta ba. Na ruga na kira Kawu. Ya ce, "Irin shanun Tolliver ne, dogayen ƙafafu gare su. Ka ga tana da inji a ƙasa?" Na ce ba ta da shi. Ya ce, "To."

Wancan makon matuƙin jirgi ya ce daga sama ya hango yashi a tsakiyar kogin. Kawu ya ce daga sama komai ƙarami ne, har hankalin matuƙi.

Na je gandun neman gari da sukari, na kwashe duk wannan na gaya wa Misis Tolliver. Tana murza ƙullu ta ce, "Wa ya kafa sandar?" Na ce Kawu. Ta ce, "Clarrie da kansa?" Na ce eh. Ta juya baya, na ga kafaɗunta na rawa, ta ce hayaƙi ne ya shige mata ido. Murhun ko wuta babu. Sai ta ƙara mini gwangwanin madi kyauta, ta ce, "Sannu, Merv." Me ya sa kowa ke yi mini sannu?

Na fara tunanin ko dai sandar ce ke da matsala, wataƙila ɗanya ce tana nutsewa. Na ce wa Kawu mu kafa ta biyu. Ya ce mai agogo biyu ba ya sanin lokaci.

Sauran mako guda. Ina lissafe, kada ki ce ban damu ba.

Merv


Gandun Tolliver
19 ga Disamba

Noeline,

Da fatan kina zaune, ba a bakin ƙofa kike ba. Wannan ki karanta ta har ƙarshe, don na bi shawararki, ruɓaɓɓen na sa a sama: ba mu taho ba. Kawu lafiya lau, ni ma haka.

Na samu taki ranar Alhamis. Na zauna a inuwar jirgi na karanta, kunnuwana na zafi. Washegari da sassafe na ce zan zaga daji, na lallaɓa ta bayan itatuwa na laɓe. Sai ga shi ya fito. Noeline, gaɓar ta yi masa tsayi, da mazaunai yake sauka, yana dafa saiwoyi. Ya dudduba ruwa, ya zare sandar, ya matsa gaba ya soke ta, ya daddanna gindinta da diddige. Na sauko na tsaya a bayansa. Daga nan na ga ramukan da ya bari a laka, a jere tun daga sama har ƙasa, kamar ɗinkin keke.

Na ce, "Ina kwana, Kawu. Ya kogi?"

Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Yana nan inda yake jiya."

Na ce, "Na gani. Waɗannan ramukan fa?"

Ya ce, "Ƙaguwa." Sai ya ƙara da cewa, "Noeline ce ta faɗa maka ko? Na san kai kaɗai sai ka kai bikin Ista ba ka gane ba."

Na naɗe tanti, na loda kaya, ya shiga mota da kansa ya ɗora hula a gwiwa. Ko tamfal ban ɗaura ba. Ruwan da ya tsare ni mako biyu bai kai rabin taya ba. Muka fita gaɓar kudu, na tsaya ina tattaka birki don ya bushe.

Nan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai ka ga ɗakin?"

Na ce na gani, ranar da na raka ki.

"Tagar me take kallo?"

Kin san bakina. Na taɓa sayar wa ɗan sanda kankana mai rami har ya yi mini godiya. Na buɗe baki in ce teku, in ce lambu, sai na ji na ce, "Bangon ɗakin wanki."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Ba laifi. Ja mu je." Ya sa hularsa. Ya cire ta, ya sake gyara ta.

Ban san ya aka yi ba. Na dai ga na juya kan mota, na sake shiga ruwan, ban tsaya ba, ban taɓa kuloci ba, ina kallon itacen gaɓar arewa. Da muka fita ya ce, "Ka manta wani abu ne?" Na ce eh, sanda.

Misis Tolliver ta ba shi ɗakin da ke jikin ma'ajiyar sirdi, ƙofarsa na kallon kicin ɗinta. Tare za su riƙa ci, ba zai taɓa murhu ba, ta kuma ce likitan da ke zagaya gandaye a jirgi na amsa rediyo kowace safiya. Akwai sirdi da linzami da suka shekara suna jiran mai gyara. Daga ƙofar ana hango kabarin Anti Dulcie. Ta ce ya zauna har Afrilu, bayan nan ku yi magana.

Ban ce na yi daidai ba. Na ga butar, na san zancen banɗaki, na san wahalar da kika sha a kan ɗakin nan, kuma wannan takardar za ta same ki ranar da zai kuɓuce. In wani abu ya same shi a nan, ni ne. Ki zage ni, amma ta wasiƙa, kada ki yi ta rediyo.

In Sista ta tambaya, ki ce kogi bai faɗi ba. Ba ƙarya kika yi ba, sandar na nan a bakin ruwa. Yau da safe ni na matsar da ita, bayansa ke ciwo.

Merv


Cairns
21 ga Disamba

Merv,

Na karanta a zaune, har ƙasa. Muna lafiya. Col ya ce a gaishe ka, ya kuma ce kai sakarai ne, amma da murmushi ya faɗa.

Tun ranar Litinin da ban ga ƙurar motarka ba jikina ya ba ni. Jiya da yamma na je wajen Sista. Ɗakin ya tafi, tsohuwar Innisfail ta shiga yau. Na roƙa aka ba ni tawul-tawul ɗin, tunda sunansa ke jiki. Na yi kuka a mota, kuma har yanzu ban san ko na haushi ba ne. Kada ka ɗauka na yafe maka. Duk ranar da rediyon gandun nan ya kira ni, gabana zai faɗi, kai ka jawo mini.

Ka ce kowa na yi maka sannu. Ga dalili, don Misis Tolliver tana nan aka yi. Ina shekara tara, hutun Kirsimeti ya ƙare, za a mayar da ni makarantar kwana. Na yi kuka har na yi amai. Aka yi ruwa, kogi ya cika, Baba ya kafa sanda. Mama ta ɗaure akwatina ta ajiye a bakin ƙofa, kullum da safe ta je saman gaɓa ta leƙa, ta dawo ta ce, "Ikon Allah, bai ja ba." Wata safiya na bi shi a baya na kama shi da sandar a hannu. Ya ɗora yatsa a baki, ya miƙo mini ita, ni na kafa ta ranar. Na samu mako biyu ina hawan doki tare da shi. Sai da na yi aure Mama ta ce mini ai tun rana ta biyu ta gane.

Na rubuta maka ka saka shi a mota, kuma a lokacin da gaske nake. Amma tun da na jefa wasiƙar nan a akwati ban yi barcin kirki ba.

Kai ka ƙetare ka taho gida kafin damina ta rufe ka, Stavros ya fara zancen sabon takalmi. Ni na samu kujera a jirgin Alhamis. Zan zo da ƙwayoyinsa na wata huɗu, da kek ɗin Kirsimeti, da tawul. Afrilu kuma za mu yi maganar, ni da shi, ba da kai ba.

Hutun mako guda aka ba ni. Na san jirgi ba ruwansa da kogi. Duk da haka ka ce wa Baba kada ya jefar da sandar.

Noeline